Imola 1994: Me ya kashe Ayrton Senna, kuma an gama da mutuwa a tseren Formula 1?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ban daɗe da fara kallon tseren motoci na Formula 1 ba, kuma duk sanda aka yi hatsari sai in ji masu sharhi suna ambaton Imola da Ayrton Senna. Na je na bincika, wasu sun ce sitiyarinsa ne ya karye, wasu sun ce kuskurensa ne. Wanne ne gaskiya? Sannan yanzu da nake ganin mota ta yi raga-raga amma direba ya fito da ƙafarsa, za a iya cewa an gama da mutuwa a wannan wasa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyu ka tambaya: me ya fitar da motar Senna daga hanya a filin tseren Imola na Italiya ranar 1 ga Mayu 1994, da kuma ko gyaran da aka yi bayan haka ya isa. Ka sani tun farko cewa ni ba a garejin Formula 1 na yi aiki ba. Sana'ata ita ce duba motocin da suka yi hatsari in rubuta abin da ya jawo, tseren kuwa na daɗe ina binsa. Abin da sana'ar ta koya mini, kuma shi zan gina amsar a kai, shi ne: abin da ya fitar da mota daga hanya daban, abin da ya kashe wanda ke cikinta daban. Mutane sun fi son gardama kan na farko, amma na biyun ne ya canza wasan.

Shekara goma sha biyu na kwanciyar hankali

Tseren mota ya fara ne da raina rai. A Le Mans ta Faransa a 1955, motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu, kuma aka ci gaba da tseren har ƙarshe. A 1966 Jackie Stewart ya yi hatsari a Spa ta Beljiyam, ya maƙale cikin mota fetur na jiƙa shi, sai da direbobi biyu suka ari sifana wurin wani ɗan kallo kafin su kwance sitiyarin su fito da shi. A 1973 Roger Williamson ya mutu cikin motarsa da ta kife ta kama da wuta a Zandvoort, direba ɗaya tak, David Purley, ya tsaya yana ta ƙoƙarin ɗaga motar da hannu, ma'aikatan wurin ba su da ko kayan da za su iya kusantar wuta da su.

Sannu a hankali aka gyara. A 1978 aka ɗauko Farfesa Sid Watkins, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, ya zama likitan gasar, ya dage sai an tanadi asibiti da jirgi mai saukar ungulu a kowane fili, da motar likita da za ta bi bayan motoci a zagayen farko. A 1981 ƙungiyar tsere ta McLaren ta fito da gangar mota ta zaren kabon, wadda ta fi alminiyom ƙarfi nesa ba kusa ba. Bayan mutuwar Gilles Villeneuve da Riccardo Paletti a 1982, ba a sake rasa direba a ranakun gasa ba har shekara 12. Elio de Angelis ya mutu a 1986, amma a wurin gwaji ne, ba a idon jama'a ba.

Wannan shiru ne ya yaudari kowa. A kwanar Tamburello ta Imola, inda Senna ya yi hatsarin da ya kashe shi, Nelson Piquet ya daki bango a 1987 ya tsira. Gerhard Berger ya daki bangon a 1989, motarsa ta kama da wuta, aka kashe wutar cikin daƙiƙoƙi, bayan 'yan makonni ya dawo tuƙi. Kowa ya ce ai motocin yanzu ba sa kisa. Alhali tsallake rijiya da baya ake ta yi. Berger ya ba da labarin cewa shi da Senna sun taka har wurin don su ga ko za a iya matsar da bangon baya, suka leƙa suka ga kogin Santerno ne a bayansa, suka haƙura suka dawo. Ba wanda ya kawo shawarar a rage gudun kwanar ita kanta.

Sai kuma dokar 1994. Hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta duniya ta haramta na'urorin lantarki da ke taimaka wa direba, ciki har da mai hana taya sulɓi da kuma ƙafar mota mai daidaita tsayinta da kanta. Amma ba a rage ƙarfin inji ba, ba a rage gudu ba. Ƙungiyar Williams, inda Senna ya koma a shekarar, ita ta fi kowa dogaro da waɗannan na'urori, don haka motarta FW16 ta fito da taurin kai. Senna ya zo Imola ba shi da maki ko ɗaya, Michael Schumacher kuwa ya cinye tsere biyun farko.

Juma'a, Asabar, Lahadi

Ranar Juma'a 29 ga Afrilu, motar Rubens Barrichello ta hau dakalin gefen hanya a kwanar Variante Bassa ta Imola da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, ta tashi ta daki saman shingen tayoyi ta kife. Ya suma, ya ji rauni a hanci da hannu, amma ya rayu. Ranar Asabar, a gwajin neman gurbi, fiffiken gaban motar Roland Ratzenberger ɗan Ostiriya ya karye ya shige ƙarƙashinta. Motar ta daina jin sitiyari, ta daki bango a kwanar Villeneuve da gudun fiye da kilomita 300. Karayar gindin ƙoƙon kai ce ta kashe shi. Wannan shi ne zuwansa na uku gasar Formula 1. Ka riƙe sunansa, domin yawancin masu ba da labarin nan da shi suke farawa su wuce da sauri, alhali irin raunin da ya kashe shi ne ya haifar da ɗaya daga manyan gyare-gyaren da suka biyo baya. Watkins ya ce a ranar ya shawarci Senna da ya ajiye tseren su tafi kamun kifi, Senna ya ce ba zai iya ba.

Ranar Lahadi tun daga tashi aka fara. Motar JJ Lehto ta mutu a layi, Pedro Lamy ya zo daga baya ya dake ta, taya da tarkace suka tsallake waya suka raunata mutane cikin 'yan kallo. Aka fito da motar jagora, mai shiga gaba ta rage wa motocin tsere gudu bayan hatsari, ƙirar Opel Vectra, wadda ba ta da gudun da zai sa tayoyin motocin tsere su riƙe zafinsu. Da aka sake su, Senna na gaba Schumacher na binsa. A zagaye na 7, motar Senna ta ƙi shan kwanar Tamburello, ta miƙe. Yana kan kimanin kilomita 310 a awa, ya taka birki ƙasa da daƙiƙa biyu, ya daki bangon kankare da kimanin 210. An kai shi asibitin Maggiore a Bologna, da yamma aka sanar da rasuwarsa. Shekararsa 34, ya ci kambun duniya sau uku, a 1988 da 1990 da 1991. An sami tutar Ostiriya a naɗe cikin motarsa. Kuma ranar ba ta ƙare a nan ba: can gaba a tseren taya ta fice daga motar Michele Alboreto a layin gareji, inda babu ƙa'idar gudu a lokacin, ta raunata kanikawa.

Sitiyari ne ko taya?

Ga abin da ba a gardama a kai. Senna ya yi ƙorafin cewa sitiyarin bai zauna masa daidai ba, sai aka yanke sandar sitiyarin aka ƙara wani guntun bututu da ya fi siranta, aka yi walda. Bayan hatsarin an sami sandar a karye a wurin, kuma masu bincike sun ga alamar tsohuwar tsagewa irin ta gajiyar ƙarfe. Masu gabatar da ƙara a Italiya suka ce sandar ce ta karye, motar ta miƙe. Williams ta ce sandar a karon bango ta karye, motar kuwa ta kubce ne saboda cikinta ya daki ƙasa a kan gargadar kwanar. An yi ta kai ruwa rana. A 1997 kotu ta wanke Frank Williams, shugaban ƙungiyar, da manyan injiniyoyinta Patrick Head da Adrian Newey. Aka ɗaukaka ƙara, har a 2007 kotun ƙolin Italiya ta tsaya kan cewa karyewar sandar ce sanadi kuma alhakin na kan Head, sai dai wa'adin hukunta laifin ya riga ya wuce.

Nan ne sana'ata ke da abin cewa. In aka kawo mini karyayyen ƙarfe, fuskar karayar nake fara dubawa da tabarau mai ƙara girma. Inda tsagewa ta daɗe tana ci a hankali, wurin yakan yi santsi ya dushe, da layuka a jere masu lanƙwasa, kowane layi alamar inda tsagewar ta tsaya ta sake tashi. Inda ya ɓalle farat ɗaya kuwa yakan yi kaushi yana ƙyalli. Na taɓa duba wata bas da ta kife da fasinjoji, na tarar an yi wa tayarod ɗinta walda maimakon a saya sabo, kuma fiye da rabin fuskar karayar tsohuwar tsagewa ce, har da tsatsa a ciki. Wannan ya nuna mini ƙarfen ya daɗe da rauni, kuma wanda ya yi waldar ya yi ganganci. Amma fuskar ƙarfe ba ta nuna daƙiƙar da ya ɓalle. Ko shi ya kifar da motar, ko kifewar ce ta ƙarasa shi, sai ka nemo a sawun taya a kan kwalta da bakin waɗanda suka gani. Haka batun Senna yake, kuma shi ya sa masana na gaske suka rabu.

Masu cewa ba sitiyari ba ne suna da hujja mai nauyi. Motar Formula 1 iska ce ke danne ta ƙasa, kuma wani babban kaso na dannewar daga iskar da ke bi ta ƙarƙashinta yake zuwa. In taya ta huce, iskar cikinta ta ragu, motar ta ƙara yin ƙasa. In cikinta ya daki kwalta, iskar ƙasan ta yanke, riƙon ya tafi nan take. Schumacher da ke baya ya ce ya ga motar tana dukan ƙasa tana rawa tun zagayen da ya gabata. Newey, wanda ya amince cewa aikin sandar bai yi kyau ba, ya ce bayan motar ne ya fara zamewa, abin da bai yi kama da karyewar sitiyari ba, kuma yana zargin tayar baya ta dama ta taka tarkacen hatsarin farko tana sacewa. Damon Hill, abokin tuƙinsa a Williams, yana ganin Senna ya matsa wa motar fiye da abin da tayoyin za su ɗauka a lokacin.

In ka matsa mini, na fi karkata ga cewa motar ta fara kubcewa ne daga ƙasa. Amma ba zan wanke waldar ba ko kaɗan. Sanda mai tsagewa ba ta da hurumin zama cikin motar da ke gudun kilomita 300, ko ta karye a ranar ko ba ta karye ba. "Kuskurensa ne" kuwa magana ce mai arha. Kowane direba yana kuskure, kowane ƙarfe yana iya karyewa, duk tsarin da ya dogara da cewa ba za a yi ko ɗaya ba ya riga ya faɗi.

Abin da ya yi kisan, da abin da aka yi a kai

Senna bai karye ko ƙashi ɗaya a jikinsa ba in ban da kai. Tayar gaba ta dama ce ta tsinke ta dawo ta daki kansa, wani ƙarfen ƙafar motar ya huda hular kwanonsa. A motocin lokacin kafaɗun direba ma a waje suke. To ka ga abubuwa uku: bangon kankare kusa da kwana mai tsananin gudu, taya da ba abin da ke riƙe ta, da kai a fili. Da sitiyari ne, da taya ce, da kuskure ne, waɗannan ukun su ne suka mai da hatsari ya zama gawa.

Lissafin mai sauƙi ne. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa huɗu yake yi. Kuma ba gudun ke kisa ba, tsayawa farat ɗaya ce. Yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro kan tarin yashi da wanda ya faɗo kan siminti daga reshe ɗaya suka faɗo. Duk aikin kare direba shi ne a tsawaita lokacin tsayawar, a bar wani abu ya murƙushe a madadinsa. Shi ya sa in ka ga mota ta yi raga-raga kada ka ɗauka rashin ƙarfi ne. Hancinta da gefunanta da bayanta an yi su ne don su farfashe su shanye ƙarfin karon, ɗakin da direba ke ciki kaɗai ake so ya tsira.

Mako biyu bayan Imola, Karl Wendlinger ya yi hatsari a Monako ya yi kwanaki a sume, sai FIA ƙarƙashin Max Mosley ta tashi haiƙan. Direbobi suka farfaɗo da ƙungiyarsu ta GPDA. Aka sa ƙa'idar gudu a layin gareji. Aka liƙa katako mai kaurin milimita 10 a ƙarƙashin kowace mota, in ya cinye fiye da milimita 1 a kore ka, don a hana kanikawa kwantar da mota ƙasa. A shekarar ma aka ƙwace wa Schumacher nasararsa ta Spa saboda katakon nan. A 1995 aka rage inji daga lita 3.5 zuwa lita 3, aka mai da Tamburello kwana mai karye gudu. A 1996 aka ɗaga gefunan ɗakin direba don su tare kai. A 1999 aka fara ɗaure tayoyi da igiyoyi masu ƙarfi, aka yi ta ƙara yawansu daga baya, domin a Monza a 2000 da Melbourne a 2001 tayar da ta tsinke ta kashe ma'aikacin gefen hanya. A 2003 aka wajabta HANS, wani abin wuya da ke zama kan kafaɗa a ɗaure da hular kwano, wanda ke hana kai fizgewa gaba yayin da bel ya riƙe jiki. Irin raunin Ratzenberger ke nan aka yi wa magani.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne sauyin hanyar aiki. An kafa kwamitin masana ƙarƙashin Watkins, aka sa akwatin naɗar bayanan hatsari a kowace mota, aka koma auna komai maimakon jiran wani ya mutu. Wani reshe na wannan aikin ya iso har titunanmu: Mosley na cikin waɗanda suka tsaya aka kafa Euro NCAP a 1997, shirin gwajin karo da ke ba motocin Turai taurari, kuma yawancin motocin Beljiyam da muke hawa ta wannan matsin lamba aka ƙera su. Sai dai a wurin aikina nakan ga an cire jakar iska an liƙe wurin, bel kuma an ɗaura shi ta bayan kujera don ƙarar ta yi shiru.

Kai ne aka bari a ƙarshe. A 2009 wani sifirin ya fice daga motar Barrichello ya fasa wa Felipe Massa ƙoƙon kai a Hangare. Sai 2018 aka wajabta halo, ƙarfen taitaniyom mai ƙafa uku da ya kewaye kan direba, nauyinsa kimanin kilo 7 amma yana ɗaukar nauyin tan 12. Direbobi da yawa sun ƙi shi, suka ce ya ɓata motar. Romain Grosjean na cikinsu. A Bahrain a 2020 motarsa ta huda shingen ƙarfe da gudun kilomita 192, ta rabe biyu ta kama da wuta. Halo ne ya buɗe shingen a madadin kansa, ya yi kusan daƙiƙa 28 cikin wuta ya fito da ƙuna a hannuwa, motar likitan nan da Watkins ya kawo kuma tana wurin cikin daƙiƙoƙi. Zhou Guanyu ma a Silverstone a 2022 motarsa a kife ta yi ta jan ƙasa har ta tsallake shingen tayoyi, ya fito lafiya.

Inda gizo ke saƙa yanzu

An gama da mutuwa? A'a. Ranar 5 ga Oktoba 2014 a Suzuka ta Japan, ana ruwa duhu na shigowa, motar Jules Bianchi ta sulɓe ta shige ƙarƙashin katafilar da ke ɗauke wata mota. Ya rasu ranar 17 ga Yuli 2015. Babu hular kwano ko halo da zai ceci kan da ya tsaya haka. Shawarar barin katafila a bakin hanya motoci na gudu ita ce matsalar. Daga nan aka ƙirƙiro tsarin da ke tilasta wa kowa rage gudu lokaci ɗaya ba tare da motar jagora ta fito ba. Duk da haka, a 2022, a Suzuka ɗin dai kuma cikin ruwa, Pierre Gasly ya wuce ta gefen wata motar ɗauko a kan hanya, ya fito yana huci.

Hatsarin da ya fi tsorata ni shi ne na motar da ta tsaya a gicciye wata ta dake ta a haƙarƙari. Gaba da baya akwai tsawon da zai murƙushe, gefe kuwa tazarar kaɗan ce, kuma in motar ta riga ta daki shinge, abin da zai shanye karon ya riga ya farfashe. Haka Anthoine Hubert ya mutu a tseren Formula 2 a Spa a 2019 yana da shekara 22. Haka Dilano van 't Hoff ya mutu a 2023, a filin dai, a ƙaramar gasa, cikin ruwa, yana da shekara 18. Ga shi motocin 2025 sun kai kimanin kilo 800 da direba, sun fi na zamanin Senna nauyi sosai, wani ɓangare saboda kayan kariyar kansu, kuma nauyi ƙarin ƙarfin karo ne.

Ruwan sama ya haɗa duka. Tayoyin ruwa suna iya riƙe hanya, gani ne babu. Faffaɗan taya da iskar ƙarƙashin mota suna tayar da feshin da na baya ba ya ganin komai sai fari, yana kan kilomita 250 ko fiye. FIA ta gwada sa wa tayoyi marufi a 2023 da 2024, bai yi wani tasiri ba, domin yawancin feshin daga ƙarƙashin motar yake fitowa. Saboda haka in ka ga an jinkirta tsere ana ruwa, 'yan kallo na ihu, masu sharhi na cewa direbobin da ba haka suke ba, ni ina bayan mai jinkirtawar. A Spa a 2021 an yi ta jira awanni, aka yi 'yan zagaye a bayan motar jagora aka tashi. Raba rabin maki da aka yi a kan wannan abin kunya ne, kuma 'yan kallon da suka wuni cikin ruwa sun cancanci a mayar musu da kuɗinsu, amma ƙin sakin motoci ashirin su hau tudun kwanar Eau Rouge ta filin ba sa ganin juna daidai ne.